Layin da Aka Goge

A daren wata Alhamis ƙanina ya kira ni, kuma tun daga sallamarsa na san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Kwana uku ke nan yana fama da wata 'yar na'ura mai auna wutar sola, wadda kamfanin da yake wa aiki ya yi alkawarin kai wa masu shaguna a ƙarshen wata. Umarnin da ya rubuta mata na jira ne kawai: ta riƙa leƙa wani gurbi a ma'adanarta, da zarar batir ya aiko da alamar ya shirya, sai ta ci gaba da aiki. A teburin gwaji komai lafiya lau. Amma da ya haɗa sigar da za a ɗora wa na'urorin sayarwa, wadda aka gyara don ta fi sauri, sai na'urar ta kafe a wurin jiran, ko motsi ba ta yi.

"Yaya, wallahi abin da na rubuta daidai yake. Canza mini shi aka yi."

"Wa ya canza maka?"

"Kwamfaila."

Ni aikin jarida na karanta, ban taɓa rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba. Sai dai na yi shekaru ina juya labarai daga Turanci zuwa Hausa a ɗakin labarai na rediyo, saboda haka maganar nan ta "an canza mini abin da na faɗa" ba baƙuwa ba ce a kunnena. Yawanci ma ni ake faɗa wa ita. Shi ya sa ban bar shi ya ajiye waya ba sai da ya yi mini bayani, daga nan kuma na bi zancen da karatu na makonni.

Kwamfaila tafinta ce. Ɗan Adam yana rubuta manhaja da harsuna irin su C ko Rust ko Swift, waɗanda ke da kalmomi da jimloli da mai karatu zai iya bi. Ƙwaƙwalwar na'ura kuwa ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ta sani ƙananan umarni ne masu tsauri: ɗauko wannan lamba, haɗa ta da waccan, ajiye a can, tsallaka zuwa wuri kaza. Kuma kowane gidan ƙwaƙwalwa da nasa karin harshe. Wanda ke cikin mafi yawan kwamfutocin ofis, na zuriyar Intel da AMD, dabam yake da na ARM da ke cikin kusan kowace wayar hannu da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre. Aikin kwamfaila shi ne ta ɗauki rubutun mutum ta mayar da shi wannan karin harshe.

Masu ƙera ta kan raba ta gida uku. Sashen gaba shi ne mai karatu: yana duba nahawun abin da aka rubuta, ya mayar da shi wani harshe na tsaka-tsaki wanda ba na mutum ba ne, ba kuma na wata na'ura ba. Na tsakiya edita ne, yana rage maimaici, yana zubar da abin da ya ga ba shi da amfani. Sashen baya shi ne wanda ya san na'urar da za a yi wa magana ido da ido. Wannan rabo ne ya sa LLVM, wadda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a 2000, ta zama gidan haya ga harsuna da yawa: mai sabon harshe ya gina sashen gabansa kawai, ya ari sauran.

Sashen bayan ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a can ake yin ciniki da ƙarancin wuri. A cikin ƙwaƙwalwar na'ura akwai wasu 'yan gurabe da zan kira aljihuna, kuma kusan duk lissafi a cikinsu ake yin sa. Ba su da yawa. Ƙwaƙwalwar Intel ta zamani tana da 16 na aikin yau da kullum, ta ARM tana da 31. Manhaja kuwa na iya riƙe da dubban ƙididdiga. Duk wadda ba ta sami aljihu ba sai a tura ta babbar ma'adana, kuma zuwa can a dawo kan ci lokacin da ya ninka na laluben aljihu sau ɗari ko fiye. To wa za a bai wa aljihu, wa za a kora?

Duk wanda ya taɓa tsara jadawalin gidan rediyo ya san wannan ciwon kai. Ɗakunan watsa shiri uku ne, shirye-shirye arba'in. Shiri biyu da ke kan iska lokaci guda ba za su zauna ɗaki ɗaya ba, amma na safe da na dare suna iya rabawa. A farkon shekarun 1980 Gregory Chaitin da abokan aikinsa a IBM suka mayar da matsalar aljihuna wannan siffa: a zana kowace ƙididdiga a matsayin ɗigo, a ja layi tsakanin duk biyun da ake bukata lokaci guda, sannan a shafa wa ɗigogin launi ta yadda biyun da layi ya haɗa ba za su zo da launi ɗaya ba. Yawan launuka shi ne yawan aljihuna. Idan launi ya ƙare, dole wani ya fita waje. Ba a san wata hanya mai sauri da ke ba da amsa mafi kyau a kowane hali ba, don haka kwamfaila hasashe take yi, mai kyau dai, amma hasashe.

Matsalar ta girmi Chaitin. Lokacin da John Backus da tawagarsa suka fitar da FORTRAN a 1957, na'urar IBM 704 da suka rubuta wa tana da aljihunan ƙirga uku kacal, kuma masu rubuta umarni da hannu ba su yarda wata manhaja za ta iya sarrafa su kamar gwani ba. Backus ya san idan fassarar ta fito da nauyin jiki, ba wanda zai waiwaye ta. Tun daga ranar farko ke nan ba a nemi tafintan nan ya yi aminci kawai ba. An nemi ya yi aminci, ya kuma yi sauri, kuma saurin ake aunawa a kasuwa.

Nan ne ƙanina ya faɗa. Editan tsakiya ya dubi zagayen jiransa, ya ga babu wani layi a ciki da ke canza gurbin da ake leƙawa. Sai ya yanke cewa leƙa shi sau dubu ɓata lokaci ne, a leƙa sau ɗaya ya isa. Sashen baya ya karɓi ƙididdigar ya zuba a aljihu, na'ura ta zauna tana kallon aljihun har abada, alhali batir yana can yana rubuta saƙonsa a ma'adana. Harshen C yana da kalma guda, volatile, da ake maƙala wa irin wannan gurbi don a shaida wa kwamfaila cewa wani daga waje na iya taɓa shi. Bai sa ta ba. Haruffa takwas, kwana uku.

Na yi masa dariya a daren, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin na tuna da tawa.

A shekarata ta biyu a ɗakin labarai, sanarwar 'yan sanda ta iso ana saura minti ashirin labaran ƙarfe shida. An tsare wani mai shagon magani. Edita ya ce labarin kada ya wuce daƙiƙa talatin. Na dubi fassarata, na ga kalmar "zargi" ta fito har sau uku. Na ce a raina, ai duk wanda ya ji an ce 'yan sanda sun kama mutum ya san zargi ne, ba hukunci ba. Sai na goge. "An kama shi bisa zargin sayar da jabun magani" ta koma "an kama shi da jabun magani." Ta fi gajarta, ta fi daɗin karantawa, kuma ta faɗi abin da ba a faɗa ba. Bayan kwana huɗu aka sake shi ba tare da an kai shi kotu ba. Yayansa ya zo har ofis, dattijo mai sanyin murya, bai zagi kowa ba. Ya ce kawai tun ranar ko fanadol ba a sake saya a shagon ba, kuma yana so ya ga wanda ya rubuta.

Hujjar da na kare kaina da ita a lokacin ita ce hujjar da masu kwamfaila ke bayarwa, kusan kalma da kalma. Alkawarin kwamfaila ba shi ne ta bi rubutunka layi-layi ba. Alkawarinta shi ne sakamakon da za a gani ya zama kamar an bi shi, kuma wannan alkawari yana aiki ne kawai idan kai ma ka kiyaye dokokin harshen. Ƙa'idar C ta ware jerin abubuwa da ta ce ba ta fayyace hukuncinsu ba. Idan ka aikata ɗaya, kwamfaila ba ta bin ka bashin komai, kuma tana da izinin ɗauka cewa ba za ka taɓa aikatawa ba, ta gina lissafinta a kan haka.

A 2009 wannan izini ya buɗe ƙofa a zuciyar Linux, tsarin da ke ɗauke da mafi yawan manyan kwamfutocin intanet. A wani sashe mai kula da hanyoyin sadarwa na ciki, akwai layin tsaro da ke cewa: idan wannan manuni fanko ne, a dakata, a koma. Sai wani gyara ya sa aka yi amfani da manunin a layin da ke sama, kafin a kai ga binciken. Bin manuni fanko yana cikin abubuwan da C ta haramta. Kwamfailar GCC ta yi lissafinta: tunda an riga an bi shi, ashe ba fanko ba ne, tunda kuma ba fanko ba ne, binciken maimaici ne. Ta goge shi. A watan Yuli na shekarar wani mai binciken tsaro, Brad Spengler, ya nuna yadda za a haɗa wannan da wasu raunuka a ƙwace ikon na'ura gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne, wanda ya karanta rubutun mutum zai ga mai gadi a bakin ƙofa. A fassarar ce kaɗai babu shi, kuma mutum nawa ke karanta fassarar? Masu kula da Linux sun gyara layin, sannan suka kashe wa GCC wannan izini a duk faɗin aikinsu.

An daɗe ana jayayya kan wa ke da laifi, kuma ba zan yi kamar ba ni da ɓangare ba. Masu kwamfaila suna da gaskiya a kan abu ɗaya: in ba da wannan 'yanci ba, wayar da ke aljihunka za ta fi haka nauyi, batirinta ya fi haka saurin mutuwa, kuma ba a iya rubuta edita mai karanta niyya. Amma ban gamsu da cewa maganar ta ƙare a "doka ta ba ni dama" ba. Ni ma doka ta ba ni dama. Babu wata ƙa'idar nahawu da na karya. Abin da na kasa yi shi ne in tsaya in tambayi kaina me ya sa marubucin ya maimaita kalmar har sau uku. Wanda ya rubuta layin tsaro ya faɗi tsoronsa a fili. Tafintan da ya ga wannan layi, ya ga kuma ya saɓa da na samansa, ya tarar da saɓani ne a maganar mai magana, kuma abin da ya kamata a yi da saɓani shi ne a ɗaga hannu a nuna shi. Masu ƙera kwamfaila kan amsa cewa irin wannan gogewa na faruwa sau dubbai a wuraren da ba su da illa, kuma in aka yi gargaɗi a kowanne, ba mai saurara. Wannan ma gaskiya ne. Shi ya sa maganin da aka samu ya zo ta gefe: kayan gwaji da ke kama haramtattun abubuwan nan lokacin da manhaja ke gudana, da sababbin harsuna irin Rust da ke hana rubuta da yawa daga cikinsu tun farko.

Duk wannan fa a inda kwamfaila ta bi dokarta ke nan. Akwai kuma ranar da ita kanta take kuskure. A 2011 masu bincike a Jami'ar Utah suka ba da rahoton wata manhaja mai suna Csmith, wadda ke ƙirƙiro rubutun C barkatai amma masu bin doka, ta bai wa kwamfailoli dabam-dabam, ta kwatanta amsoshinsu. Inda suka saɓa, to ɗaya ta yi ƙarya. Sun gano kurakurai fiye da 325, har a GCC da LLVM. Wadda ta fi tsayawa ita ce CompCert, ta Xavier Leroy na cibiyar INRIA a Faransa, wadda aka tabbatar da ingancin fassararta da hujjar lissafi da na'ura ta tantance. A sashen da hujjar ta rufe ba su sami fassarar ƙarya ko ɗaya ba. 'Yan kurakuran da suka samu suna inda hujjar ba ta kai ba. Farashin shi ne ba ta kai sauran zafin gudu ba, don haka a wurare irin manhajar jirgin sama aka fi neman ta, inda ba a cinikin rai da daƙiƙa.

Ƙanina ba jirgi yake ƙerawa ba. Ya sa kalmarsa, na'urar ta tashi, an kai kaya a makare da kwana biyu. Amma ya ɗauki wata ɗabi'a: duk inda umarninsa ya taɓa ƙarfe kai tsaye, sai ya buɗe fassarar ya karanta, umarni bayan umarni, aljihu bayan aljihu. Ya nuna mini sau ɗaya a allon kwamfutarsa. Ban fahimci komai ba sai inda ya ɗora yatsa ya ce, "Nan ne take komawa ta sake leƙawa."

Gyaran labarina kuwa an karanta shi a labaran ƙarfe goma na dare, sau ɗaya, daƙiƙa goma sha biyar. Dattijon ya ce ya gode. Shagon na nan har yanzu, sai dai yanzu katin waya da lemo ake sayarwa a ciki.