Fiffiken da Ba Ya Karɓar Faci

A gidanmu ba a jefar da abu don ya tsage. Idan ƙwarya ta fashe, mahaifiyata takan aika da ita wurin mai ɗinki. Tayar keken mahaifina kuwa faci ya kusa rufe ta. Da wannan tarbiyya na girma, da ita kuma na karɓi ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da wani abokina ya kawo mini tsaraba nan Maraɗi. Irin wanda ake sarrafawa da rimot ne, farfelarsa tana da fikafikai biyu na katako, kowanne tsawonsa milimita 325.

Wata rana da la'asar na sauke shi a karkace, fiffike ɗaya ya daki ƙasa. Da na duba sai na ga ƴar tsaga kusa da ramin noti, ba ta kai tsawon farce ba. Ba ni da na canji, wanda zan yi oda kuma sai ya ɗauki makonni kafin ya iso. Na ɗiga gam, na matse, na bar shi ya kwana. Da safe ko ni da na yi aikin da ƙyar na gane wurin.

Ranar Asabar na fita fili da ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara. Jirgin ya tashi daidai ƙirjina, na ƙara masa wuta, sai muka ji ƙara kamar an karya kara. Fiffiken ya tsinke ya wuce ta gefen yaron ya soke cikin yashi, bai fi taku uku daga ƙafarsa ba. Jirgin ya kifa ya dinga dukan kansa har na kashe. Yaron ya ɗauko guntun yana dariya, ya ce, "Kawu, ka ga yadda ya yi gudu?" Ni kuwa hannuna rawa yake, ina tunanin abin da zan faɗa wa Yaya da a fuska ya same shi.

Daren nan na zauna da takarda na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Farfelar irin wannan jirgi tana juyawa wajen sau 2,800 a minti. Faɗinta kusan santimita 70 ne, don haka bakin fiffiken yana gudun da ya wuce kilomita 300 a awa. Duk wanda ya taɓa kaɗa majajjawa ya san yadda dutse yake jan igiya. Haka fiffike yake jan notinsa. Nauyinsa wajen giram 20 ne kawai, amma a wannan gudu jan da yake yi ya haura nauyin jarkar ruwa mai lita 25, kuma idan gudu ya ninka biyu, jan yakan ninka huɗu. Duk wannan ƙarfi a gindin fiffike yake taruwa, daidai inda na ɗiga gam.

Ban daina gyara ba, sai dai na koyi abin da ake gyarawa. Na farko shi ne nauyi. Tilas fikafikan biyu su zama daidai, in ba haka ba jirgi zai yi ta karkarwa har notuna su kwance, boris ya lalace. Nakan ɗora kowanne a kan kaifin reza har ya tsaya cak, in sa alama a tsakiyar nauyinsa. Idan alamun biyu sun saɓa, sai in manna ɗan salatif in jawo ɗaya zuwa ga ɗaya. Daga nan in haɗa su da noti guda, in rataya tsakanin kofuna biyu kamar ma'aunin mahauci. Wanda ya yi sama shi ne marar nauyi, shi zan ƙara wa salatif a kan alamarsa har su kwanta daidai.

Na biyu shi ne ɗaurin noti. Idan ya yi sako-sako, fiffike zai lanƙwaso ya doki jelar jirgi. Idan ya ɗaure tamau, fikafikan ba za su miƙe daidai ba. Nakan karkata jirgin gefe: fiffike ya tsaya da kansa, amma in na ɗan girgiza ya motsa.

Na uku shi ne hanya. Fikafikan biyu layi ɗaya ya kamata su bi a cikin iska. Nakan sa jan salatif a bakin ɗaya, in ja da baya nesa, in tayar da jirgin daidai idona. Idan na ga layi biyu, launin zai gaya mini wanda ya yi sama. Sai in sauke, in cire batir, in juya ƴar sandar da ke sarrafa shi juyi ɗaya, in sake gwadawa. Idan layin ya ƙi haɗuwa, galibi sandar ƙarfen da ke riƙe da fikafikan ce ta lanƙwashe. Akan gane haka ta mirgina ta a kan madubi, mai lanƙwasa takan yi ɗingishi. Ita ma ba na miƙe ta, canzawa nake yi.

Sauran kula ce ta yau da kullum. Ƙurar hunturu tana cin gaban fiffike, don haka nakan goge da tsumma mai ɗan laima bayan kowane tashi. Ba na barin su a rana ko cikin mota a rufe, domin zafi yana murɗa roba da katako. Yanzu na zaren kabon nake amfani da su. Sun fi ƙarfi, amma sukan ɓoye rauni a ciki, saboda haka nakan ɗan tanƙwara su kusa da kunnena in saurara. Idan ɗaya ya tsage, duka biyun nake cirewa, tun da bibbiyu ake auna su.

Ɗan yayata ne yake dubawa yanzu kafin mu tashi, yana bin gefen kowane fiffike da farce. Makon jiya ya tsaya ya ce, "Kawu, taɓa nan." Na taɓa, na ji tsagar. Batir cike yake, iska kuma ta kwanta, raina ya so in ce ba komai. Sai na tuna Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Muka naɗe kayanmu muka koma gida, yana ta ƙunƙuni a bayan babur. Sababbin fikafikan suna hanya, an ce sai ƙarshen wata.