Guzurin Mai Zuwa Birnin Gwanzu Na Ƙasar Sin Karon Farko



Duk wanda ya zaga fadamun Ikara da Makarfi da Kudan da rani zai tarar yawancin kayan aikin da ke hannun manoma daga ƙasar Sin suka fito: injin ban ruwa a bakin rafi, da famfon feshi a bayan mai tumatir, da babur mai kai rake kasuwa. Kafin kayan nan su iso mana sai sun bi ta hannun mutanen Ikko, da na Kano, da na Zariya, kowa ya ɗora ribarsa. Wannan ne ya sa 'yan kasuwarmu su kan haɗa jari su tura mutum guda ya sayo daga tushe, kuma galibi birnin da ake nufa shi ne Gwanzu, wanda ake rubutawa Guangzhou a jikin tikiti, Turawan da kuwa suna ce masa Kanton.

To, wanda aka tura yana ɗauke da amana biyu, dukiyar jama'a da kuma addininsa, ga shi lokacin da zai yi bai fi mako guda ba. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su kan ɗaura wa jaki kaya ba sai madugu ya san kowane zango da kowace mashaya. Irin wannan shiri muke so mu yi wa mai niyya, tun yana gida.

Birnin da tarihinsa

Gwanzu ita ce hedkwatar lardin Gwandon a kudancin ƙasar Sin, tana bakin wani babban kogi da ake kira Kogin Lu'ulu'u. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 18. Musulmi ba baƙi ba ne a cikinta, domin fataken Larabawa da Farisawa sun fi shekara 1,000 suna zuwa ta teku, suna kiranta Khanfu. Ibn Baɗɗuɗa ya shige ta wajen 1346, ya ba da labarin cewa Musulmi suna da unguwarsu da masallacinsu da kasuwarsu da alƙalinsu. Shi ne dai mutumin da ya zo Takadda ta ƙasar Azbin a 1353, har ya ambaci Gobir cikin labarin tafiyarsa. Watau ƙafa ɗaya ta taka birnin nan ta kuma taka bakin ƙasar Hausa tun ƙarni na 14. Nijeriya kuwa ta ƙulla huldar jakadanci da Sin a watan Fabrairu na 1971, kuma tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Gwanzu, wanda ya kamata baƙo ya rubuta adireshinsa ya ajiye.

Zaɓen lokaci

Babban bikin baje kolin birnin, wanda aka fara a 1957, ana yinsa sau biyu a shekara a unguwar Pazhou: daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sa'an nan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. An kasa shi kashi uku, kowane kashi kwana biyar, kuma a kashin farko ne ake baje injuna da kayan wutar lantarki da kayan gyaran ababen hawa, watau abin da ya fi shafar mutanen ƙasarmu. Amfaninsa shi ne mutum ya ga masu masana'antu da yawa a rumfa guda, wahalarsa kuwa kuɗin masauki ya kan hau ƙwarai. Kada a tafi a lokacin sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, domin masana'antu su kan rufe ma'aikata su tafi garuruwansu. Haka nan makon farko na Oktoba hutu ne na ƙasa baki ɗaya.

Takardu da doka

Biza ta ciniki daban take da ta yawon buɗe ido, kuma tana bukatar takardar gayyata daga can. Ofishin jakadancin Sin yana Abuja, ƙaramin ofishi kuma yana Ikko. Kada a yarda wani dillali ya cika wa mutum takarda da bayanin ƙarya, domin ƙarya haramun ce, kuma mai fasfo ne zai amsa tambaya a filin jirgi. Ma'aikacin gwamnati, ko kwas aka tura shi ko hutunsa ya ɗauka, ya tabbata izinin tafiyarsa a rubuce yake, kuɗin guzurin da aka ba shi kuma amana ne da zai yi bayaninsa in ya dawo.

Dokar Sin ta wajabta wa baƙo ya yi rajistar masaukinsa ga 'yan sanda cikin sa'a 24. Otal shi ke yi wa mutum wannan, amma wanda ya sauka gidan aboki, shi ko mai masaukinsa ne zai yi rajistar. Wanda ya bari bizarsa ta ƙare ana cin tararsa yuwan 500 a kowace rana har zuwa yuwan 10,000, ko a tsare shi. Mai ɗauke da kuɗin waje fiye da dala 5,000 sai ya bayyana wa kwastan. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can ya kan kai ga kisa, saboda haka ko ɗan uwa ne ya kawo ƙunshi ya ce a kai wa wani, a buɗe a gabansa a gani, in ya ƙi a mayar masa da abinsa.

Ana tashi daga Kano ko Abuja a sauya jirgi a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha, a sauka filin jirgin Baiyun. Agogonsu ya riga namu da sa'a 7. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a kan intanet ɗin ƙasar, sai WeChat, wanda da shi suke magana da shi kuma suke biyan kuɗi, tare da Alipay. A sa wa wani na gida WeChat a wayarsa tun kafin a tashi, don kada iyali da masu jari su kwana biyu ba labari. Achaɓa kuwa babu, an hana babura a tsakiyar birnin tun 2007. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa shi ne abin hawan kowa, ga araha ga sauri.

Salla

Abin da ya fi rikita baƙo daga ƙasar Hausa shi ne alƙibla. Mu a nan gabas muke fuskanta har ma mu kan ce wa mai salla yana kallon gabas, amma a Gwanzu Ka'aba tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. Ba za a ji kiran salla a tituna kamar na Hunƙuyi ko Makarfi ba, don haka a riƙe jadawalin lokutan birnin. A mazhabar Imamu Malik, matafiyi yana ƙasaru a hanya, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda sai ya cika salla, Juma'a kuma ta hau kansa. Ke nan mai zaman mako guda a Gwanzu ba shi da uzurin barin Juma'a saboda ciniki. Sallar da za ta riske shi a jirgi kuwa, ya zauna da malaminsa ya koyi hukuncinta kafin ranar tafiya.

Masallacin da ya fi tsufa shi ne Huaisheng, ma'anar sunan kuwa tunawa da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Hasumiyarsa doguwa ce zagayayya, tsawonta wajen mita 36, kuma ana cewa a da ita ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Akwai masallacin Xiaodongying inda 'yan Afirka da yawa ke salla, da na Haopan, da kuma masallacin Xianxian kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, wanda ya fi tara jama'a ranar Juma'a. A harabarsa akwai tsohuwar maƙabarta da wani kabari da Musulmin Sin ke jingina wa Sayyidina Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi. Malaman tarihin Musulunci kuwa sun tafi a kan cewa Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a. Mai ziyara ya yi wa Musulmin da ke kwance a wurin sallama da addu'a, ya kame bakinsa daga gardama da masu masaukinsa. Ya kuma sani dokar ƙasar ba ta yarda baƙo ya yi wa'azi ko ya raba littattafan addini ba tare da izini ba.

Abinci

Naman alade shi ne naman yau da kullum a wurin yawancin mutanen birnin, ana kuma soya ganye da kitsensa, a zuba giya a miya. Ko kaza ce ko saniya, yankan wanda ba Musulmi ba kuma ba ma'abocin Littafi ba bai halatta ba. Mafita ita ce shagunan Musulmin Sin, ƙabilar Hui da ta Uigur, waɗanda ke sa alamar halal da suke kira cinjan, sau da yawa da koren allo. Taliyar Lanzhou da romon naman sa tana nan kusan kowace unguwa. Kifi da sauran dabbobin ruwa halal ne a mazhabarmu, sai dai a tambayi abin da aka dafa su da shi. In mai masana'anta ya shirya liyafa, a gaya masa tun da wuri cewa ba a shan giya ba a cin alade.

Ciniki

Unguwar Xiaobei ita ce zangon Musulmin Afirka, a nan ake samun tafinta da dillali da masu auna kaya. Ta ragu da jama'a tun 2020, shekarar da aka fitar da 'yan Afirka da yawa daga masaukansu a lokacin annobar korona har gwamnatin Nijeriya ta nuna rashin jin daɗinta, amma har yanzu nan baƙo ke fara samun ɗan gari. Tayil da kujeru suna Foshan, maƙwabciyar Gwanzu, kayan waya kuma suna Shenzhen.

Shawararmu ita ce kwana biyun farko a yi su ana kallo da tambayar farashi ba tare da an fitar da ko kwabo ba. Ranar Juma'a a ba masallaci haƙƙinsa, a nan ma ake haɗuwa da waɗanda suka daɗe a gari. Sauran kwanakin a je masana'anta a ga injin yana aiki, a tambayi kayan gyaransa, domin injin ban ruwan da ya tsaya a watan Maris ba kayan gyara asarar gonar tumatir ce ɗungum. A yi sharaɗi da dillali a kan ladansa a fili tun farko.

Yawancin cinikin can na kafin alƙalami ne, a biya wani kashi a ƙera kaya daga baya. Shari'a ta sharɗanta a irin wannan a san siffar kaya da adadinsu da ranar miƙawa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta kome, a riƙe samfur, a karɓi rasit mai hatimin kamfani. Kada a ce a buga sunan wani kamfani a kan kayan da ba nasa ba, ko a rage inganci a bar tambari, domin wannan algushu ne, manomin Kudan da ya sayar da rakensa ya sayi injin shi zai kwana ciki. Kwantena ta kan haura wata guda a teku kafin ta iso Ikko, saboda haka mai son kayan noman rani ya yi lissafi da baya.

Ranar da wakili ya dawo, kafin ya raba tsaraba, ya tara masu jari ya baje musu takardu, abin da ya kashe a kansa daban, na kaya daban. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a cikin nemansu, amin.