Kicin ɗin da na gina wa idon baƙi

Har na haura shekara arba'in ban taɓa riƙe muciya ba, amma wannan bai hana ni zana wa matata kicin da hannuna ba. Iya abin da na sani a girki shi ne dafa ruwan shayi, shi ma in na ɗora nakan manta har butar ta ƙone. Duk da haka, da Allah ya hore min 'yan kuɗi na tashi gyaran gidanmu a Kano, sai na ɗauki biro da takarda na ce kicin dai a bar min, ni zan tsara shi.

Abin ya samo asali daga gidan wani abokina da na je taya murnar tarewa. Ya zagaya da mu ɗaki ɗaki, da muka shiga kicin ɗinsa kowa ya ce masha Allah, ni kuwa wani abu ya tsaya min a wuya. Tun daga ranar na shiga tara hotuna a waya: kabad fari ƙal har rufi, tayil mai sheƙi, ga wani tebur na dutse a tsakiyar ɗaki. Har karatu na yi. Na karanta cewa a shekarun 1940 masana gine-gine a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ƙa'idar kusurwa uku, wato murhu da wurin wanke-wanke da firji su zama kamar alwatika, kowane gefe kada ya gaza mita 1.2 kada ya wuce 2.7, jimillarsu kuma tsakanin mita 4 zuwa kusan 8. Na haddace wannan kamar karatun allo, ina zuba wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni a majalisa.

Uwargida ta yi magana, ba zan yi mata ƙarya ba. Daren da na shimfiɗa mata zanen a kan tabarma, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ina za a ajiye turmi?" Na yi dariya na ce ai zamanin turmi ya wuce, ga injin markaɗe zan sayo. Ta ce, "To wannan teburin na tsakiya fa, ba zai tare hanya ba?" Na ce shi ne ma ƙawar wurin. Ta ce, "Allah ya sa alheri," ta naɗe tabarmarta. Shekara goma sha bakwai muna tare, na san ma'anar wannan addu'ar sarai idan ta fito da wannan muryar, amma ranar na ga dama na ɗauke ta a matsayin amincewa.

Magini ma ya yi nasa ƙoƙarin. Dattijo ne, ya fi shekara talatin yana gini. Da ya ga tagar da na zana, 'yar ƙarama can sama, ya ce, "Alhaji, a ƙara mata faɗi, a kuma buɗe wata ta fuskance ta, iska ta riƙa ratsawa." Na ce taga za ta ci min wurin kabad, kuma akwai na'urar zuƙe hayaƙi da za a kafa saman murhu. Ya ce, "In an ɗauke wuta fa?" Na yi kamar ban ji ba. Ya sake kawo maganar a bar makwarara a ƙasa, a ɗan karkata daɓen don ruwa ya samu hanyar fita. Na ce ba banɗaki nake ginawa ba. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ya yi min abin da na ce daidai da daidai. Na sha zirga-zirga Kasuwar Ƙofar Ruwa, na zaɓi tayil mafi santsi a shagon saboda shi ne ya fi ɗaukar ido.

Da aka gama, gaskiya ya yi kyau. Na yi wa abokai walima, na zagaya da su kamar yadda aka zagaya da ni, aka ce masha Allah, abin da ya tsaya min a wuya ya faɗa. Yanzu da nake tunawa, duk cikin waɗanda suka yaba babu mace ko ɗaya. Matan da suka zo sun leƙa, sun shafa kabad, sun ce "an sha aiki," suka koma tsakar gida.

Wata huɗu ina cin abinci a kan lokaci, ina kuma lura da cewa kicin kullum tsaf yake, ko ɗigon manja babu. Na riƙa yaba wa kaina: ka ga amfanin tsari, har tsabta ta ƙaru. Wata Laraba cikin bazara aka tashe mu daga wurin aiki da wuri, na dawo gida kafin la'asar. Na shiga kicin neman ruwan sanyi, na tarar da shi shiru, murhu a rufe, babu ko ƙanshin albasa. Sai na jiyo ƙarar muciya tana dukan tukunya daga bayan gida.

Na zagaya ta lungun da ke tsakanin katanga da bangon ɗakin yara, wurin da muka zuba ragowar bulo da yashi. Ga uwargida zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta dafe tukunya da tsumma a kan kurfoti, tana tuƙa tuwo, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta kafa tsohon zani a kan igiyar shanya ya zama inuwa. Ƙanwarta na gefe tana daka daddawa da barkono a turmin da na ce zamaninsa ya wuce, babbar 'yarmu tana kaɗa miyar kuka da maburgi. Bulo biyu aka jera aka ɗora faranti, nan ne wurin yanka albasa. Suna hira suna dariya, da suka gan ni dariyar ta tsaya. 'Yata ta miƙe da sauri kamar wadda aka kama da sata.

Wannan miƙewar ita ce ta fi yi min ciwo. Ashe duk gidan an haɗa baki ana ɓoye min, ana girki a lungu, a kwashe a bi da shi ta cikin kicin zuwa falo don kada raina ya ɓaci. Na tsaya riƙe da jakata na rasa abin cewa. Daga ƙarshe na ce, "Me ya sa ba a ciki ba?" Uwargida ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tuƙi, ta ce, "Malam, gobe Alhamis, in ka dawo ka zo ka tuƙa mana a ciki."

Na zata gatse ne, amma na amsa, don girman kai bai gama sakina ba. Washegari na tuɓe babbar riga na shiga. Kantar da na sa aka yi tsayinta santimita 90, yadda na gani a littafi. Murhun gas na kanta ya ƙara kusan 10, tukunyar da ke ciyar da mutum tara ta ƙara nata, sai ga bakin tukunya ya kusa kai min ƙirji, ni da na fi uwargida tsawo da tazara. Da aka zuba gari tuwo ya fara kauri, na gane abin da ban taɓa sani ba: tuƙi da nauyin jiki ake yinsa, daga sama ake danna muciya, tukunya tana ƙasa an tokare ta. A nan kuwa hannuna a sama yake kamar mai shanya, tukunya tana zamewa a kan ƙarfen murhu, kafaɗata ta ɗauki zafi kafin minti biyar. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na'urar zuƙe hayaƙi ta yi shiru, tururi ya cika ɗakin, 'yar tagata tana can sama ba ta san abin da ake ciki ba. Na juya zan ɗauko mara, ƙuguna ya daki teburin tsakiya, wanda tsakaninsa da kanta bai fi santimita 70 ba. 'Yata ta buɗe firji, ƙofarsa ta rufe hanya gaba ɗaya, sai da ta rufe na wuce. Ruwa ya ɗan zuba a tayil, na taka, Allah ne ya sa na kama bakin kanta. Tuwon da na kwashe ranar gudaji ne zalla, yara suka ci don kunya.

Bayan an kwanta na zauna a tsakar gida ina lissafi. Alwatikata tana nan daidai, na auna ta da awon tela, babu kuskuren santimita ɗaya. Sai dai an yi ta ne don gidan da mutum ɗaya ke girki, da tukwane ƙanana, da wutar da ba a ɗaukewa. A gidana mutum uku ke aiki lokaci guda, kuma kusurwoyin sun fi uku: akwai turmi, akwai buhun shinkafa mai kilo 50 da na masara da jarkar mai waɗanda babu kabad ɗin da zai ɗauke su, akwai tukunyar suyar naman layya da ko kusa ba ta shiga kwamin wanke-wanken da na sayo. Duk waɗannan abubuwa a gaban idona suke shekara goma sha bakwai. Ina wuce su kullum in je in zauna a kawo min.

Daga baya na ci karo da labarin wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, wadda a 1926 ta tsara kicin ɗin da aka sanya a gidaje kusan 10,000 a birnin Frankfurt na Jamus, wanda ake cewa shi ne kakan kicin na zamani. Ita ma ta faɗa da bakinta cewa lokacin ba ta iya girki ba. Na ji daɗi na ɗan lokaci, na ce ashe ina da 'yar'uwa. Sai na karanta gaba na ga cewa ita ta tambayi matan gida, aka auna motsin mai girki da agogo, kafin ta ja layi ɗaya. Ni mai girkin tana kwana a ɗakina, ta ma yi min tambayar da ta dace ba tare da na nema ba, na mayar da ita abin dariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na hau rufin da guduma ban tambaye shi ba.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan muni, kuma har yau in na tuna gabana yakan faɗi. Tukunyar gas mai kilo 12.5 na sa aka ɓoye ta cikin kabad a ƙarƙashin murhu, don kada ta ɓata kyan wuri. Yaron da ke kawo mana gas ne ya ce min, "Baba, wannan iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya ta taru, ba ta tashi sama. A rufe haka, ashana ɗaya ta isa." Uwargida ta san da haka, shi ya sa kullum take kashe ta daga kai ta bar ƙofar kabad a buɗe, ni kuma in na wuce in rufe, ina mitar an bar min kabad a hangame.

Na koma wurin magini da ƙafata. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, sai da na ji da ma ya faɗa, da ya fi min sauƙi. Wannan karon uwargida ce ta riƙe alli. Ta zagaya tana zana a ƙasa, ni ina biye da ita da awo ina rubutawa. Aka fasa teburin tsakiya, dutsen ya koma kantar da ke jikin bango. Aka buɗe taga babba da wata mai fuskantarta, aka sa musu raga. Tukunyar gas ta koma waje cikin 'yar rumfa mai iska, aka ratso da bututu ta bango. Aka fasa ƙofa zuwa lungun nan, aka yi masa rufin kwano da daɓen siminti mai kaushi da makwarara, da ɗan dandamali da bai kai gwiwa ba don tukunyar tuwo, da famfo a ƙasa inda babbar tukunya za ta zauna a wanke ta. Turmi ya samu kusurwarsa. Sito kuma aka yanko daga ɗakin da nake kira ofishina, wanda dama ban taɓa yin aikin komai a cikinsa ba.

Kuɗin gyaran sai da na sayar da babur ɗin da nake ba da haya kafin suka cika. Tayil mai santsi yana nan a ciki, don aljihu bai kai a canza shi ba, mun shimfiɗa masa tabarmar roba a gaban kwami. Ranar da aka gama, uwargida ta tsaya a sabuwar ƙofar ta duba ciki ta duba waje, ta ce in matsar mata da turmi kaɗan zuwa hagu. Na matsar. Ta ce ya yi yawa, in dawo da shi.