Kafin A Kunna Taya Ƙarƙashin Bishiyar Jemagu

Ba na cikin masu cewa jemage ba ya cutarwa. Duk wanda garkensu ya sauka a bishiyar ƙofar gidansa ya san kururuwar asuba, da kashin da ke ɓata shanya, da mangwaron da ake tsinta an ciccije. Tun 1956 aka gano ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a jikin jemage a Legas, don haka kada yaro ya taɓa mushensa da hannu. Kawar da cuta halas ne. Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi.

A garuruwanmu, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, dabarar ba ta wuce a tara tsofaffin tayoyi a cinna wuta a gindin bishiya, yara kuma su biyo baya da danƙo. Na ga abin da ke zubowa ƙasa bayan hayaƙin. Jemage ba ƙwai take yi ba. Haihuwa take, ɗa guda a shekara, tana shayar da shi yana manne a ƙirjinta. Idan ya yi mata nauyi sai ta bar shi a reshe ta tafi kiwo. Shi ne wanda hayaƙi ke riska, domin bai iya tashi ba.

Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana karkaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata. A hadisin nan dai ya hana azabtarwa da wuta, da ya ga an ƙona gidan tururuwa. Tururuwa fa!

A Ostireliya, birnin Melbon ya kori dubban jemagu daga lambun gwamnati a 2003, Sidni ta yi nata a 2012, duka da ƙara aka yi, ba da wuta ba. Ƙa'idarsu ta hana kora lokacin da matan ke da tsohon ciki ko goyo. Duk da haka sun gane cewa korarru sau da yawa ba sa nisa, bishiyar maƙwabci suke komawa. Mu nan wa ke tambayar inda za su?

Kuma akwai bashinsu a kanmu. Furen ɗorawa da na kuka da dare suke buɗewa, jemagu na cikin manyan masu yi musu barbara, daga nan kalwa, daga nan daddawar miyarmu. Irin itatuwan da suke watsawa kan yi tafiyar kilomita da dama, abin da dajin Falgore ke bukata bayan saran gawayi.

Roƙona ga mai unguwa da liman: idan korar ta zama dole, a ɗaga kai a duba ko akwai goyo, a jira 'ya'yan su fara tashi, sannan a yi da bugun garwa da rage rassa bayan sun fita kiwo da magariba.