Daren da na ce wa yaro ya yi haƙuri

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan labari, domin babu abin yabo gare ni a cikinsa.

A bazarar shekara ta 2011, lokacin nunar mangwaro, ɗana na biyu, yana da shekara 8, ya faɗo daga bishiya a wani lambu da ke bayan gari, ya dafa ƙasa da hannun dama. Ƙashin ya karye dab da gwiwar hannu, ta sama. Kafin in taso daga makarantar da nake koyarwa, an riga an kai shi wurin maɗorin unguwarmu, dattijon da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, wanda ni ma ya taɓa ɗora mini ƙafa ina yaro, na kuwa warke sarai. Ya ja hannun, ya jera karare, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau, ya ce kada a taɓa sai bayan kwana bakwai.

Bayan sallar isha'i yaron ya fara kuka. Muka ba shi maganin ciwo, bai yi komai ba. Mahaifiyarsa ta ce, "Malam, kukan nan ba na lafiya ba ne." Inna, mahaifiyata, ta ce ƙashi ne yake neman ɗan'uwansa, haka ɗori yake a daren farko. Ni kuma, da ɗan karatun da nake taƙama da shi, na taɓa wuyan hannunsa, na ji jijiya tana harbawa, na ce ai jini yana gudu. Na gwada miƙe masa yatsu, ya ƙwalla ƙarar da har yau take cikin kunnena. Abin da na iya ce masa shi ne, "Yi haƙuri, namiji ba ya kuka." Washegari da la'asar kukan ya lafa, muka yi hamdala. Ashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suka fara mutuwa.

A rana ta uku yatsun suka yi bororo, muka garzaya asibiti. Likita ya kwance ɗaurin, ya duba, ya yi mini tambaya ɗaya: "Tun yaushe?" Da na faɗa masa, bai yi mini faɗa ba. Ya jawo takarda ya zana mini hannu, ya ce da Faransanci sunan abin syndrome des loges, wato matsewar tsoka a cikin ɗakinta.

Ga abin da na fahimta daga zanen nan, da abin da na karanta daga baya. Tsokar hannu da ta ƙafa ba a sake take ba. Wani tantani mai ƙarfi, wanda ba ya miƙewa, ya lulluɓe ta, ya raba ta ɗaki ɗaki; a ƙwauri kaɗai akwai ɗakuna 4. Cikin kowane ɗaki akwai tsoka da hanyoyin jini da jijiyoyi. Idan ƙashi ya karye, ko nama ya daku, jini da ruwa sukan taru a ciki, tsoka ta kumbura, bangon kuwa ba ya ba da wuri. Idan aka ƙara da ɗauri mai tsauri daga waje, matsin sai ya ninka. Ƙananan hanyoyin jini su ne suke fara toshewa, alhali babbar hanyar tana nan tana harbawa. Wannan shi ne abin da ya ruɗe ni a daren nan: bugun da na ji gaskiya ne, amma wucewa jinin yake yi, tsokar ba ta samu. Wanda ya ce sai bugun ya ɗauke ko hannu ya yi sanyi zai tashi, ya riga ya makara.

Lokacin kuwa da awa ake ƙirga shi. Tsokar da ta rasa jini na kimanin awa 6 takan fara lalacewar da ba ta gyaruwa. Mu mun ba ta kwana biyu da wani abu. Tsokar da ta mutu takan zama tabo, tabon ya tsuke, ya janyo yatsu su ƙudundune. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan naƙasa tun a shekara ta 1881, har ake kiranta da sunansa, kuma matsattsen ɗauri ya ɗora wa laifi. A wasu lokutan abin yakan wuce nan: gaɓa ta ruɓe har a yanke ta, ko dafin mataccen nama ya shiga jini, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta taɓu.

Kada a ɗauka maɗora kawai nake nufi. Simintin asibiti ma, in ya matse, yana haifar da wannan. Yana kuma faruwa ba tare da an ɗaure komai ba, musamman a karayar ƙwauri, irin wadda ƴan kabu-kabu suke samu a titi. Alamar ɗaya ce: zafin da yake ƙaruwa bayan an gyara karaya, maimakon ya ragu, zafin da ya fi ƙarfin raunin, wanda magani ba ya kwantar da shi, wanda kuma yake tsananta idan wani ya miƙe yatsun. Wurin yakan yi tauri kamar icce, daga baya yatsu su fara dandanƙarewa. Ƙaramin yaro ba zai iya bayani ba. Rashin natsuwarsa da firgicinsa su ne bayaninsa.

Abin da ya kamata in yi a daren nan ba shi da wuya. In kwance ɗaurin har fata, in ajiye hannun daidai da ƙirjinsa, ba a rataye sama ba, in nemi abin hawa zuwa asibitin da ake fiɗa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Idan kwancewar ba ta wadatar ba, likita yakan tsaga fata da tantanin nan a tsaye, ya bar wurin a buɗe ƴan kwanaki har kumburi ya saɓe, sannan ya ɗinke ko ya dasa fata. Aikin yana da ban tsoro a ido, yana barin dogon tabo, amma hannu yana tsira.

Nasa hannun ba a yanke ba, alhamdu lillahi, sai dai yatsu uku sun lanƙwashe, duk da watannin da muka yi muna zaryar gashi da motsa gaɓa. Ya koyi rubutu da hagu. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne cin abinci a cikin jama'a, domin ba a rasa wanda zai ce, "Kai, ci da dama mana," kafin ya lura. Inna ta ce ƙaddara ce, ban kuwa musa mata ba. Amma na san ni ne na taɓa wuyan hannun nan na ce a koma barci.

Bayan wata guda na je gaishe da maɗorin, da takardar likita a aljihuna. Ban je da rigima ba. Na buɗe masa zanen, na yi masa bayanin ɗakunan nan da awa shidan nan kamar yadda aka yi mini. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Da na tashi tafiya, sai ya ce, "Malam, bar mini takardar nan."