Kawu, Zan Koma Aji

San Antoniyo, jihar Teksas, Amurka
Watan Yuni

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina fatan kana lafiya, da su Inna da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? An ce mini ruwa ya zauna a Bauchi, har ka yi shuka a gonarka ta hanyar Dass. Allah ya ba da damina mai albarka. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi. Zafin garin nan a watan Yuni ba shi da maraba da na Bauchi a watan Afrilu, sai dai a nan ba ka ganin dattawa sun shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Kowa yana cikin ɗaki ya rufe ƙofa.

Saƙonka na murya ya iso ni, na saurare shi sau uku. Ka ce, "Ashe duk shekarun nan kai ba likita ba ne? To me ya yi zafi, da mata da 'ya'ya uku, da furfura ta fara leƙowa, za ka koma makaranta?" Tambayar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kai ka fi ni sanin cewa a wajenmu duk wanda ya sa farar riga likita ne. Shekara nawa ka yi a ɗakin shan magani na barikin Shadawanka, matan sojoji suna sallama suna cewa likita, kai kuma kana gyara musu kana cewa malamin asibiti dai? Nan ma haka ne. Sojojin da nake dubawa "Dok" suke ce mini, amma sunan aikina mataimakin likita. Ina ganin marasa lafiya, in sa a yi musu gwaji, in rubuta magani, in yi ɗinki, in ɗaure karaya. Sai dai duk abin da na yi, akwai cikakken likita da nake aiki a ƙarƙashin kulawarsa, kuma cutar da ta yi zurfi shi ake miƙa wa.

Asalin wannan aiki zai yi maka daɗin ji. A shekarar 1965, lokacin yaƙin Biyetnam, Amurka na fama da ƙarancin likitoci, ga kuma matasa suna fitowa daga soja da ƙwarewar jinya amma babu takardar da asibitin farar hula zai karɓa. Sai wani likita mai suna Eugene Stead a Jami'ar Duke ya ɗauki mutum 4, dukkansu tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, ya horar da su shekara 2. Uku daga cikinsu suka gama a 1967. Wato da irinku aka kafa wannan aiki, Kawu. Ni ma ta wannan ƙofa na shiga: na fara da jakar magani a bayan sojoji, sannan aka ɗauke ni kwas na wata 29 wanda ake fara shi a barikin Fort Sam Houston na garin nan, na fito hafsa. Yanzu ina kyaftin, kuma ban raina abin da Allah ya ba ni ba.

Aikin ya ba ni ido. Akwai wani soja da ya dawo daga aiki a Afirka ta Yamma, zazzaɓi yana kama shi yana saki, ana ta ba shi maganin mura. Da na shiga na ga yadda yake karkarwa bargo biyu a kansa, na ga farin idonsa ya ɗan yi rawaya, ban jira komai ba na ce a duba jininsa. Zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda ya tashi a Bauchi ba sai an karanta masa wannan a littafi ba. Don haka ba zan ce shekaruna sun tafi a banza ba.

Amma bari in gaya maka ranar da na ga iyakata. Wata safiya ana gudun motsa jiki, rana ta fara zafi, sai wani matashin soja baƙar fata ya durƙushe dab da ƙarshe. Bai suma ba, yana magana, yana cewa ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Na matsa cinyarsa ya yi ƙara. Na buɗe takardunsa na ga nau'in jininsa AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila. Nan take na sa masa ruwa a jijiya da iskar numfashi, muka ruga asibiti. Fitsarin da ya fara yi kamar baƙin shayi, alamar naman jikinsa yana narkewa yana neman toshe ƙoda. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi.

Washegari wata likitar jini ta zo duba shi. Na girme ta nesa ba kusa ba. Na tsare ta da tambaya, ita kuma ba ta ƙosa ba. Ta jawo takarda ta zana mini yadda sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake manne wa juna idan iska ta yi ƙaranci, ya yi tsini, ya lanƙwashe ƙwayar ta koma kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ta nuna mini dalilin da ya sa jariri mai sikila yake zama lafiya watannin farko, sai wajen wata 6 ciwon ya fara: jinin da ya fito da shi daga ciki ne yake kare shi, yana raguwa ciwo yana shigowa. Ta ce maganin hydroxyurea aikinsa ke nan, ya ƙara yawan wannan jinin na jarirai. Na taɓa karanta waɗannan a gurguje don cin jarrabawa, amma ita a tafin hannunta suke, daga tushe har reshe.

Tana magana, ni kuwa hankalina ya koma gida, wajen autarmu, Allah ya ji ƙanta. Na tuna yadda yatsunta suka kumbura tun ba ta fara rarrafe ba, aka ce mayu, aka ce sanyi, aka ce amosanin ƙashi. Na tuna daren da ka goya ta a bayanka muka tafi Asibitin Ƙwararru, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, kana tafe kana mata addu'a, ni ina riƙe da takalmanta. Na fita daga ɗakin na zauna a mota na daɗe ban tayar da ita ba. Na san abin da ake yi, Kawu, amma ban san dalilinsa har ƙasa ba, kuma wanda bai san dalili ba iyakarsa bin sawu. In hanya ta ɓace ba zai iya sare sabuwa ba.

Ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Duk Amurka masu ɗauke da ciwon wajen 100,000 ne. A watan Disamba na 2023 hukumar magunguna ta nan ta amince da wani magani mai gyara ƙwayar halitta, sunansa Casgevy, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Wane ne zai saya a Ƙofar Ran ko Yelwa? Abin da zai ceci yaranmu ba shi da tsada haka: gwaji kafin aure, gano ciwon tun ana jariri, rigakafi, kariya daga sauro, hydroxyurea da mai sanin yadda ake auna shi. Wannan mai sanin nake so in zama. Takardar da nake riƙe da ita yanzu ba ta da gurbi a tsarin asibitocinmu na gida. Ta likita kuwa tana da shi, in mutum ya dawo ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa.

To, yaya ake shiga? A nan sai mutum ya gama digiri na farko kafin ya nemi makarantar likitanci, kuma ba ruwansu da cewa ka shekara goma kana ɗinke rauni. Dole ka nuna ka ci kimiyyar sinadarai da fiziks da ilimin halittu. Wasu darussana sun tsufa, sai da na maimaita su da dare bayan na tashi aiki. Ranar farko na shiga aji da kakin soja, yaran suka ɗauka ni ne malami. Yarinyar da ke kusa da ni shekararta 19. Ita ta riƙa zana mini yadda sinadarai ke haɗuwa har na gane, ni kuma ranar da aka zo kan zuciya na gaya mata yadda sautinta yake a kunne idan ta fara gajiya. Da farko abin ya yi mini nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya na ga gaskiyar masu iya magana, gemu ba ya hana ilimi. Girman kai ne yake hanawa.

Sai babbar jarrabawa, MCAT. Tambaya 230, kashi 4, ana shafe kusan awa 7 da rabi a zaune gaban kwamfuta. Maki yana farawa daga 472 ya tsaya a 528, waɗanda ake ɗauka kuma galibi suna wajen 511. Wata 8 na yi ina tashi kafin asuba, in yi karatu, in yi salla, in sa takalmi in tafi bariki. A cikin azumi bayan sahur nake yi. Na zauna a watan Afrilu, kuma alhamdu lillahi makin ya isa a duba takarduna. Farkon watan nan na tura su. Ana ba mutum gurbi 15 ya faɗi ayyukan da ya yi, da ɗan fili da bai wuce shafi ɗaya da rabi ba ya faɗi dalilin da ya sa yake son zama likita. A kan autarmu na rubuta, da kai. Fiye da mutum 50,000 ke nema duk shekara, waɗanda ake ɗauka ba su kai rabi ba. In an kira ni ganawa, na san tambayar da za a fara yi mini, ita ce taka.

Hanya biyu nake dubawa. Akwai jami'ar likitanci ta sojoji a Betesda, jihar Meriland, wadda aka kafa a 1972. Ba a biyan kuɗin makaranta, albashi yana tafiya, amma bayan horo sai ka yi musu aikin shekara 7, kuma yayin karatu sai ka sauke muƙami. Kamar a ce a wajenku kyaftin mai anini uku ya koma mai anini ɗaya, yana sara wa yaran da shi ya horar. Ɗaya hanyar ita ce jami'ar farar hula, soja su biya, ka rama musu shekara 4. Kowace na bi, karatu shekara 4 ne, horon asibiti 3, ƙwarewa a kan jini wasu 3. Na yi lissafin da kake tsoro, na san shekarun da zan kai. Na zauna da maiɗakina muka baje komai a faifai, kuɗin gida, makarantar yara, abin da nake aikowa. Ta yi shiru, sannan ta ce shekarun za su wuce ko na yi karatun ko ban yi ba. Abin da nake turo wa Inna duk wata ba zai tsaya ba, in Allah ya yarda. Wannan shi na fara warewa kafin komai.

Ka ce 'yarka ita ma ta tayar da maganar, bayan shekarunta na aikin jinya, kana ganin ni na zuga ta. Ban zuga ta ba, amma ina bayanta. Ita hanyarta ta fi tawa kusa. Lokacin da muke yara sai an tafi Zariya ko Jos ko Maiduguri. Yanzu ga kwalejin likitanci a jami'ar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya a Azare tun 2021. Ta nemi fom ɗin JAMB, ta riƙe Turanci da fiziks da kimiyyar sinadarai da ilimin halittu da kyau, ta shirya wa shekara 6 da shekara ɗaya ta horo. Ka gaya mata kada ta shiga aji tana jin ta riga ta sani, kada kuma ta ji kunyar abin da ta sani. Hannun da ya saba nemo jijiyar jariri cikin dare zai yi mata rana.

Kawu, akwai wani baƙin littafi da kake sawa a aljihun kakinka. Ina yaro na buɗe shi na ga sunayen magunguna, a bayansa kuma tambayoyi da ka jera, waɗanda kake jira likita ya zo zagaye ka yi masa. Wasu ka sa musu alama, wasu suna nan babu amsa. Inna ta gaya mini an taɓa ba ka damar ƙaro karatu ka bari, saboda kai ke ciyar da ƙannenka, har da ita. Ba ka taɓa faɗa mini ba. In littafin yana nan cikin akwatinka, don Allah ka ba mai zuwa ya kawo mini. Ina so in shiga aji da shi, in bi sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake roƙo shi ne ka sa mini albarka, ka kuma sa a yi mini addu'a a masallacin unguwa. In ka je maƙabarta ka tsaya wajen autarmu. Ka gaida Inna, ka ce mata jikokinta sun iya cin masa, sai dai tamu ta nan ba ta kama ƙafar ta Wunti ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanka.