Kuɗin Taki da Na Mayar Sefa

Mu mutanen Dole Kaina ba a rediyo muke fara jin faɗuwar naira ba, a bakin 'yan canji muke ji. Garinmu yana bakin Kogin Kwara, inda Najeriya da Nijar da Binin suka haɗu, saboda haka naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana.

A shekarar 2023 ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa. Bayan girbin rani kowa ya kawo nasa kason, aka tara don sayen taki a sari. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur da muke zuba wa injin ban-ruwa ta haura naira 500. Tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya sakar wa naira mara, ta kama gangara. Sefa kuwa da Yuro aka ɗaure ta, ba ta rawa irin tamu. Na dubi kuɗin jama'a suna narkewa a hannuna, sai wata safiya na kwashe su duka na canzo sefa.

Ban gaya wa shugaban ƙungiya ba. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina idan na kawo maganar gaban taro za a kwashe mako biyu ana gardama, kafin a gama naira ta ƙara zubewa. Gaskiyar da na daɗe ban yarda da ita ba ita ce, na raina fahimtar mutanen da suka zaɓe ni, alhali wasunsu tun kafin a haife ni suke cinikin kifi tsakanin Gaya da Malanbil da kuɗi iri biyu.

An gan ni wurin ɗan canji, magana ta zaga gari. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Kuɗi na nan." Wannan gajeriyar amsa ta fi canjin kansa ɓarna, domin gurbin da na bari babu bayani, zato ne ya cike shi.

Ranar taro na zube sefar a kan tabarma, na lissafa, har da riba a sama. Ina jiran godiya. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya yi magana da Dandanci aka fassara wa sauran.

"Ɗana, da faɗuwa aka yi, wa zai biya?"

Na ce, "Baba, ai ba a faɗi ba."

Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na sunkuyar da kai. Na yi kasada da gumin mutane ba da yawunsu ba, ribar kuma ba ta wanke ni ba. Na nemi gafara a wurin, amma da damina ta zagayo magidanta da dama ba su zuba kuɗinsu ba, kowa ya sayi takinsa kwano-kwano da tsada. Wannan asarar a wuyana take.

Yanzu ko sisi ba ya motsi sai mutum uku sun sa hannu, kuma Juma'ar farko ta kowane wata ina karanta littafin kuɗi da Hausa, wani ya maimaita da Dandanci. Dattijon nan yana zuwa, ya zauna a gaba ya saurara har ƙarshe. Har yau bai dawo da kasonsa ba.